Rufe Asibitin Soja Na Val-de-Grâce: Wane Darasi Muka Ɗauka?

Duk wanda ya saba ajiye rediyo a gefen ma'auninsa ko a kan buhun da yake jingina, in dai ya haura shekara 40 a duniya, to kunnensa ya sha jin wani suna mai wuyar faɗi a labarun safe, wato Val-de-Grâce. Da zarar an ce wani babba a ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci ya kwanta rashin lafiya, kafin a gama jajantawa sai a ji cewa jirgi ya ɗauke shi zuwa asibitin soja na Val-de-Grâce da ke birnin Paris. Wasu sun dawo da ƙafarsu, wasu kuma gawarsu aka dawo da ita. To wannan asibiti da manyanmu suka ɗauka tamkar gidan da ba ya tsufa, yau ba ya karɓar marar lafiya ko ɗaya. Gwamnatin Faransa ta rufe shi a ƙarshen watan Yunin 2016, bayan ya shafe shekara 223 yana aiki.

Wataƙila wani ya ce, ina ruwan mai sayar da wake a Ɗan Isa, ko mai canji a Illela, ko mai dillancin raguna a Maigatari da wani asibiti da aka rufe a ƙasar Turawa shekaru da suka wuce? Amsarmu ita ce, ruwanmu ne dumu-dumu. Na farko, kuɗin da aka riƙa biyan jirgi da gado da masauki domin manyan da ake fitarwa jinya, daga baitulmali suke fitowa, baitulmali kuwa kuɗin duwan da patanti da tikitin kasuwa da muke biya ne ke cika shi. Na biyu, mu ma masu ƙetare iyaka ne domin neman magani, sai dai namu jirgin shi ne bayan motar kaya. Na uku, tarihin wannan asibiti yana ɗauke da wani darasi da kowane ɗan kasuwa zai gane nan take, domin darasi ne na bambanci tsakanin wanda ya gina shago da wanda ya ƙare rayuwarsa a shagon haya.

Bari mu faro daga tushe. Asalin wurin gidan ibada ne na mata Kiristoci da suka keɓe kansu daga aure da harkar duniya. Sarauniya Anne, matar Sarki Louis na 13, ita ce ta ɗauki nauyin gidan. An yi aurensu a shekarar 1615, amma sai da aka shekara 23 kafin ta haifi magajin sarauta, wato Louis na 14, a shekarar 1638. Domin nuna godiya ga wannan haihuwa sai ta sa aka gina babbar majami'a a wurin, kuma yaron da kansa ne ya aza tubalin farko a ranar 1 ga Afrilun 1645, yana ɗan shekara 6. Ginin yana nan har gobe da ƙatuwar ƙubbarsa. Da aka yi juyin juya halin Faransa wanda ya fara a 1789, aka kawar da sarauta, aka ƙwace gidajen ibada, ƙasar kuma ta shiga yaƙi da maƙwabtanta ta kowace kusurwa, sai raunana suka yi yawa har aka rasa inda za a kwantar da su. A ranar 31 ga Yulin 1793 majalisar juyin juya halin ta yanke hukuncin mayar da gidan asibitin soja.

A nan ne abin da ya kamata mu lura da shi yake. Ba a tsaya ga jera gadaje ba. Shekara uku kacal bayan haka, a 1796, aka mayar da shi asibitin koyarwa, wato wurin da ake jinya ana kuma horar da matasan da za su gaji manyan likitoci. A shekarar 1850 aka kafa cikakkiyar makarantar ƙwarewa ta likitocin soja da masu haɗa magani a cikin harabar. Tun daga lokacin, ɗalibi yana duba marar lafiya da safe a gaban malaminsa, da yamma ya koma aji, idan ya gama a tura shi bariki ko fagen daga, bayan shekaru ya dawo da abin da ya gani ya koyar da na baya. Wannan zagaye ne aka yi ta yi, sarakuna suna hawa suna sauka, jamhuriya tana rushewa wata tana tasowa, amma bai mutu ba. Duk sunan da Val-de-Grâce ya yi a duniya, daga wannan zagaye ya samo shi.

Ga misalan abin da zagayen ya haifar. A farfajiyar tsohon ginin akwai mutum-mutumin wani likita mai suna Dominique Larrey, wanda ya koyar a wurin, ya kuma bi rundunonin Napoleon zuwa yaƙe-yaƙe masu yawa. Kafin zamaninsa, sojan da aka harba yakan kwana a fili har sai an gama faɗa, da yawa jini ne ke ƙare musu kafin a kai gare su. Shi ne ya tsara kekunan doki marasa nauyi da ke kutsawa su kwaso raunana ana tsakiyar ɓarin wuta, kuma wannan dabara tana cikin asalin motar ɗaukar marasa lafiya da muke gani yau. Ya kuma kafa wata ƙa'ida da muke so masu karatu su riƙe ta da kyau, domin za mu dawo kanta: wanda rauninsa ya fi tsanani shi ake fara dubawa, ko kurtu ne ko janar, ba a duba igiya ko anini a kafaɗa.

Na biyu shi ne Alphonse Laveran, wanda aikinsa ya shafi kowane gida a yankinmu. Malami ne a Val-de-Grâce tun 1874, sannan aka tura shi Aljeriya a 1878. A wancan zamani likitoci sun ɗauka cewa masassarar da muke kira ta cizon sauro, wadda a wannan gefen iyaka aka fi sani da palu, daga mugunyar iskar fadama take fitowa. A ranar 6 ga Nuwamban 1880, a asibitin soja na garin Constantine, Laveran ya ɗiga jinin wani soja mai zazzaɓi a ƙarƙashin madubin likita, sai ya ga ƙwayar halitta tana motsi a ciki. Manyan masana na lokacin suka ƙi yarda da shi, ya yi ta haƙuri yana kawo hujja har suka sallama. Ya koma Val-de-Grâce ya ci gaba da koyarwa daga 1884 zuwa 1894, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1907. Yau idan aka tsaga yatsan yaronka aka ce a jira sakamakon jini, a kan turbar da wannan likitan soja ya share ake tafiya.

Haka nan a ɗakin binciken wannan asibiti ne Hyacinthe Vincent ya haɗa allurar rigakafin zazzaɓin taifot, wadda doka ta wajabta wa sojojin Faransa a 1914. A farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya taifot ta kashe dubban sojoji a ramukan daga, amma da allurar ta game runduna sai cutar ta ja baya ƙwarai. A cikin yaƙin ne kuma wani likitan fiɗa haifaffen tsibirin Martinique, Hippolyte Morestin, ya shugabanci sashen da ke gyara fuskokin sojojin da ɓaraguzan bam suka ragargaza wa muƙamuƙi da hanci. Duk waɗannan ayyuka an yi su ne domin ƙaramin soja, wanda ba shi da kowa sai lambarsa, daga baya kuma farar hula na duniya baki ɗaya suka ci moriya.

Kada a ɗauka muna wanke Faransa ne. Ba mu manta ba cewa rundunar da ke da wannan asibiti ita ce rundunar da ayarinta ya ƙone Birnin Ƙonni a shekarar 1899. Likitan soja na zamanin mulkin mallaka, aikinsa na farko shi ne ya tabbatar sojan mamaya yana tsaye da ƙafarsa, lafiyar talakan da aka mamaye tana biyo baya ne. Kakanninmu da aka kwasa zuwa yaƙin Turawa, da yawa daga raunanansu a wasu wurare na daban aka yi jinyarsu, kamar asibitin da aka buɗe a lambun Nogent-sur-Marne kusa da Paris, inda har aka gina musu masallaci a 1916. Bayan haka, dokar watan Disamban 1959 ta daskarar da fanshon mazan jiya na ƙasashenmu, Bafaranshe yana samun ƙari su ba sa samu, kuma ba a kammala gyara wannan zalunci ba sai bayan hukuncin kotun tsarin mulkin Faransa na 2010, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Duk wannan gaskiya ne. Amma ɗan kasuwa na ƙwarai, ko da maƙiyinsa ne ya ga ya iya tsara shago, yakan tsaya ya duba yadda ya yi.

To yaya aka yi asibitin kurtu ya zama asibitin shugabanni? A watan Janairun 1979 Shugaba Valéry Giscard d'Estaing ya buɗe sabon gini na zamani a bayan tsohon, da na'urori irin na ƙarshe a wancan lokaci. Wurin yana da abu biyu da masu mulki ke so: ƙwararrun hannaye da kuma rufin asiri, domin likitan da ke duba ka soja ne mai bin umarni, mai gadin ƙofa ma soja ne, ɗan jarida ba ya wuce bakin titi. A watan Nuwamban 1981 an kai Shugaba François Mitterrand can da sunan aro aka yi masa gwaje-gwaje, aka gano yana da ciwon daji, amma ba a sanar da Faransawa yana da ciwon ba sai a 1992. Shugaba Jacques Chirac ya kwanta a can a watan Satumban 2005, Nicolas Sarkozy ma ya kwana a can a watan Yulin 2009.

Manyan Afirka kuma suka bi sahu. Shugaba Abdelaziz Bouteflika na Aljeriya ya kwanta a can a ƙarshen 2005, ya sake komawa a watan Afrilun 2013, bai dawo gida ba sai tsakiyar watan Yuli. Firaministan Cadi, Pascal Yoadimnadji, a can ya cika a ranar 23 ga Fabrairun 2007. Shugaban Gini Bisau, Malam Bacai Sanhá, shi ma a can ya rasu a ranar 9 ga Janairun 2012. Al'adar ba ta tsaya ga wannan asibiti kaɗai ba. Janar Seyni Kountché a wani asibitin Paris na daban ya rasu a watan Nuwamban 1987. A Najeriya ba a manta da watannin da marigayi Umaru Musa Ƴar'aduwa ya yi a Jidda daga Nuwamban 2009 ba, kuma tsohon shugaba Muhammadu Buhari a London ya cika a watan Yulin 2025. Ba mu kawo sunayen nan domin yi wa kowa dariya ba, ciwo da mutuwa rigar kowa ce, kuma ajali idan ya zo ko a ina mutum yake sai ya tafi. Tambayarmu ga tsarin ne: me ya sa fiye da shekara 60 bayan samun mulkin kai, mutumin da ke da iko da kasafin kuɗin ƙasa kacokan bai yarda da gadon da kasafin ya saya ba?

Mu ƴan kasuwa mun san illar wannan rufin asiri fiye da kowa. Ranar da aka ce shugaba yana jinya a waje kuma ba wanda ya san halin da yake ciki, kasuwa ce ke fara kamuwa da zazzaɓi. Jita-jita takan riga motar farko isowa, mai canji ya ɗaga farashin sefa ko ya ƙi sakin naira, mai kaya a Kwatano ya ce a dakata da lodi, wanda ya saba ba ka bashin mako biyu ya ce sai kuɗi hannu. Gadon da ke nisan dubban kilomita yana iya hana mai tuwo-tuwo ciniki a tashar mota.

Yanzu ga dalilin rufe shi. A 1996 Shugaba Chirac ya sanar da kawo ƙarshen aikin soja na dole, kuma ƴan hidimar ƙarshe suka fita a 2001. Runduna ta ragu, matasan likitocin da ke yin hidimar ƙasa a asibitocin soja suka daina zuwa, har ya kasance mafi yawan masu kwanciya a Val-de-Grâce fararen hula ne. Ginin 1979 kuma ya tsufa, gyara shi domin ya cika sharuɗɗan zamani, musamman na kariya daga gobara, zai lashe maƙudan miliyoyin Yuro. Ga shi kuma a unguwar da ke cike da manyan asibitoci, domin asibitin Cochin yana nan kusa da shi ƙwarai. Sai hukuma ta zauna ta yi lissafi irin namu na ƙarshen shekara: nawa ke shiga, nawa ke fita, wane reshe za a riƙe, wanne za a haɗe da wani. A watan Oktoban 2014, zamanin ministan tsaro Jean-Yves Le Drian, aka sanar da rufewa. Aka rarraba ayyukan asibitin mai gadaje kusan 380 zuwa sauran asibitocin soja biyu na kewayen Paris, wato Percy da Bégin, adadin asibitocin koyarwa na sojan Faransa ya sauko daga 9 zuwa 8. Ma'aikata sun yi ƙorafi, har lokacin annobar korona a 2020 an samu masu kiran a sake buɗe shi, amma bakin alƙalami ya bushe.

Sai dai ku lura da abin da suka rufe da abin da suka bari. Sun rufe ginin gadaje, wanda daga baya aka saukar da sojojin sintiri a cikinsa, kuma a watan Disamban 2020 Shugaba Emmanuel Macron ya sanar da shirin mayar da shi cibiyar binciken lafiya ta hanyar kwamfuta. Makarantar horar da likitocin soja kuwa ba su taɓa ta ba, tana nan a tsohon ginin tare da gidan tarihin aikin likitancin soja. Wato masu abin sun san ina uwar kuɗi take, ina kuma riba take. Gadon da manyanmu suka yi shekaru suna rububi a kai, shi ne abin da masu shi suka ga za su iya rabuwa da shi. Abin da suka riƙe gam shi ne allo da alli da malami.

Wannan shi ne darasin. Shekara da shekaru ƙasashenmu suna biyan haya a shagon wani, ranar da mai shago ya ga lissafinsa bai fita ba sai ya sa kwaɗo, bai nemi shawarar ɗan haya ba, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi tunda kayansa ne. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Abin takaici, da aka rufe wannan ƙofa ba mu ga an dawo gida an aza tubali yadda ya kamata ba, adireshi kawai aka sauya: yau Maroko, gobe Tunisiya, jibi Turkiyya ko Indiya ko Dubai. Sojojin Faransa sun bar Nijar a watan Disamban 2023, sun bar Cadi a watan Janairun 2025, kuma an yi ta mahawara a rumfunanmu kan ma'anar cikakken ƴanci. Ko wane ɓangare mutum ya tsaya a mahawarar, zai yarda cewa ƙasar da ba ta iya yi wa shugabanta aikin zuciya a cikin gida, ƴancinta da saura.

Wani zai ce, ai ku ma kuna fita neman magani. Gaskiya ne, kuma ba mu ga laifin wanda ya ɗauki kuɗin guminsa ya tafi inda yake sa ran samun sauƙi ba, lafiya uwar jiki ce. Mutanen Maraɗi da Damagaram suna gangarawa Katsina da Kano. Mutanen ƙasar Sakkwato suna haurawa asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950. Mutanen Njamena suna ƙetare gada zuwa Kusiri, na Barno da Adamawa suna shiga asibitocin arewacin Kamaru. Amma wannan tafiya tamu ita ce babbar shaida a kan abin da muke faɗa, domin mun ɗanɗana yadda hanyar takan toshe rana ɗaya. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun ga da idonmu yadda ake ɗora mai naƙuda a kan babur a bi da ita ta cikin gonaki da dare, ana kauce wa shinge. Lokacin takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, wanda ba a ɗage ba sai Fabrairun 2024, mun ga yadda magunguna suka yi wuya a kantuna saboda kaya sun maƙale a hanyar Kwatano. Babba an rufe masa Val-de-Grâce ya sauya jirgi. Talaka idan aka rufe masa iyaka, sai dai a koma ga jiƙe-jiƙe da addu'a.

Kuma ba a ce abin ba ya yiwuwa a Afirka ba. A birnin Akra akwai asibitin soja da kowa ke kira 37, wanda Ingilishi suka buɗe a 1941 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ƴan'uwanmu na unguwar Nima sun san shi sarai, domin ƙofarsa a buɗe take ga farar hula, kuma can aka garzaya da Shugaba John Atta Mills ranar da ya rasu, 24 ga Yulin 2012. A Dakar akwai babban asibitin da Faransawa suka gina wa sojojinsu a ƙarshen ƙarni na 19, wanda yanzu likitocin sojan Senegal ke riƙe da shi, ana jinyar jama'a ana kuma koyarwa. A Yamai ma, a watan Agustan 2016, ƴan makonni bayan rufe Val-de-Grâce, an ƙaddamar da babban asibitin ƙwararru mai gado 500 da ƙasar Sin ta gina. Mun yaba. Sai dai tarihin da muka karanto ya nuna cewa gini shi ne ɓangare mai sauƙi. Mai wuyar shi ne a samu malamin da zai zauna shekara 30, da albashin da zai hana ɗalibinsa guduwa Turai, da mai gyaran na'ura idan ta tsaya, da wutar da ba ta ɗaukewa ana tsakiyar fiɗa.

Saboda haka muna kira ga hukumomin ƙasashenmu da abubuwa huɗu. Na ɗaya, a riƙa bayyana wa jama'a a kowace shekara nawa aka kashe daga baitulmali wajen fitar da jami'ai jinya waje. Ba sunan ciwon kowa muke nema ba, jimillar kuɗin muke so mu ji, domin wanda ya zuba jari yana da haƙƙin ganin littafi. Na biyu, duk cutar da aka ga ita ce ta fi fitar da mutane, a ware kuɗi a tura matasa su koyo aikinta, a sayo kayan aikin, a sa wa'adin da za a daina fita dominta. Na uku, asibitocin sojanmu su zama na koyarwa, a haɗa su da jami'o'i, a kuma buɗe su ga farar hula, musamman a garuruwan iyaka inda soja ya fi kowa kusa da jama'a a wannan zamani na rashin tsaro. Sojan da ya taka nakiya a daji ya cancanci a yi masa aiki cikin sa'o'i kaɗan a kusa da inda ya faɗi, kuma ɗakin fiɗar da zai cece shi, shi ne zai ceci direban da ya yi hatsari da matar da haihuwa ta zo wa da gardama. Na huɗu, a tuna da alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a watan Afrilun 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi domin lafiya, alƙawarin da ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cika shi. A bisa duk wannan kuma, a dawo da ƙa'idar Larrey: wanda ya fi jin jiki shi ne na farko, ba wanda ya zo da takarda daga babban ofis ba.

Mu ma ƴan kasuwa akwai namu kason, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ta hannun wasu daga cikinmu ne jabun magani da wanda wa'adinsa ya wuce ke ƙetare iyaka a ƙarƙashin buhunan masara, a baza shi a faranti cikin rana ana sayar wa bayin Allah. Wanda ke wannan sana'a ba shi da bakin zargin minista. Ƙungiyoyinmu na ƴan kasuwa suna iya tara miliyoyi cikin dare ɗaya idan an kama motar wani ko za a yi walimar dawowa daga Makka. Me zai hana kowace babbar kasuwa ta ɗauki nauyin karatun yara biyu ko uku a makarantar ungozoma ko ta malaman jinya, da sharaɗin su dawo su yi wa garin aiki na wasu shekaru? Me zai hana mu sa wa ɗakin haihuwa na garinmu wutar sola, ko mu tsara ranar ba da jini sau biyu a shekara? Alhajin da ke iya biyan kuɗin jirgi zuwa Alƙahira ya tuna cewa ciwon da ke kayar da mutum da tsakar dare ba ya jiran biza, asibitin da ke bayan kasuwa shi za a fara kai shi, kuma abin da ya tarar a can shi ne abin da shi da ire-irensa suka ajiye.

Waɗanda suka mayar da gidan ibada asibiti a 1793 ba su da wutar lantarki, ba su san ƙwayar cuta ba, ƙasarsu tana cikin yaƙi da talauci. Abin da suka yi shi ne sun fara da abin da ke hannunsu, suka haɗa jinya da karatu, na baya kuma bai rushe aikin na gaba ba. Idan muka aza namu tubalin bana, wataƙila mu ba za mu kwanta a inuwarsa ba, amma jikokinmu ba za su bi ta cikin gonaki da dare ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya kuma sa albarka a kasuwanninmu. Amin.